Ga masu fara tseren keke a Damagaram

Ƴan uwa, wanda bai daɗe da shiga tsere ba ya daina ƙona ƙarfinsa tun daga farko. Ka laɓe bayan na gabanka, tayarka kusa da tasa; iska shi take duka, kai kuwa ka rage wahala da kusan kashi 30 cikin 100. Amma kar tayarka ta shiga gefen tasa, nan ake faɗuwa.

Atisaye kuma, hanyar Mirya ta isa, kilomita 18 ce. Fita bayan asuba kafin manyan motoci su yi yawa. Da hunturu tafiyar za ta gallabe ka, dawowa iska ta turo ka. A ganina ƙara nisa kaɗan-kaɗan duk sati ya fi sayen sabon keke.