Yadda na ƙara wa laftof ɗina RAM bayan allo ya ƙi kawowa

Laftof ɗina mai RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) 4GB ya ishe ni da nauyi, sai na sayo wani 4GB na ƙara. Na kunna, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Gabana ya faɗi.

Na cire caja da batir, na zaro sabon, na karanta 'yar takardar da ke manne a jikinsa: PC3. Na asalin kuwa PC3L ne. Ashe injina nau'in RAM na DDR3L (wato PC3L) yake so, mai aiki da wutar bolt 1.35, ni kuma na kwaso PC3 mai 1.5. Garajena ne, ban duba ba.

Mai shago ya canja min. Na soka shi a karkace, na danna har ƙarafunan gefe suka yi ƙas. Nan take allo ya kawo, ya nuna 8GB.