Yadda Ake Tantance Porsche 911 Carrera RS 2.7 Ta Asali Kafin A Saya

Kamfanin Porsche na ƙasar Jamus ya fito da wannan mota a baje kolin motoci na birnin Paris a 1972 da niyyar ƙera 500 kacal domin cika sharaɗin shiga tsere, amma da masu saye suka yi mata ca, sai da adadin ya kai 1,580. Ƙarancinta ya sa ta yi tsada matuƙa, tsadar kuma ta jawo jabu, domin abu ne mai sauƙi a ɗauki 911 ta gama-gari, a ɗora mata ɗan fiffiken nan mai kama da jelar agwagwa a baya, a rubuta Carrera a gefe.

Saboda haka kada ƙyallin fenti ya ɗauke maka hankali, fara da lambobi. Buɗe but ɗin gaba (injin wannan mota a baya yake), ka duba lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfe kusa da tankin mai, wadda dole ta fara da 911360. Shafa wurin da yatsa, ka haska shi da tocila, domin alamar walda ko goge ƙarfe a kewayen lambar ta isa ta sa ka janye. Daga nan ka duba lambar inji da ta giyabos, ka gwada su da bayanan ƙira da kamfanin yake ajiye da su. Injin asali mai silinda 6 ne, iska ce ke sanyaya shi, ƙarfinsa doki 210. Motar da aka sauya wa inji tana iya tafiya lafiya lau, amma darajarta ta faɗi a idon masu tara motoci.

Sai batun tsatsa, wadda ita ce babbar cutar motocin 911 na wancan zamani. Sa a ɗaga motar, ka leƙa ƙarƙashin ƙofofi da mazaunin batir, ka bi jikinta da maganaɗisu, domin ba ya kama inda aka yi ciko.

Tambayi kuma wane samfuri ce, tunda mara nauyi, wadda 200 kawai aka yi, ta fi Touring, wato samfurin da ke da kayan jin daɗi, tsada nesa ba kusa ba. A ganina, komai daɗin bakin dillali, kada ka biya ko sisi sai makaniken da ya ƙware a tsofaffin Porsche, wanda kai ka ɗauko shi, ya gama bincikensa.