Yadda za ka bar ɗalibai su gano amsa da kansu: darasin tulu da jarka

Malamai 'yan'uwana, yawancinmu dai mun saba mu shiga aji mu cika allo da rubutu, yara su kwafa, mu ce "kun gane?" su amsa da ƙarfi "eh malam", alhali wallahi rabinsu ba su san me aka yi ba. Akwai hanyar da ake fara darasi da tambaya a bar yara su tono amsar da hannunsu, kuma ba sabon abu ba ne, tun 1896 masanin ilimi John Dewey yake gwada irinta a makarantar da ya buɗe a jami'ar Shikago ta Amurka. Ga yadda nake yi da darasin ƙafewar ruwa a JSS 1.

Ka fara da abin da suka baro a gida. Ni tambayata ita ce: me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi, bayan duk a ɗaki ɗaya suke? Kana jefa tambayar sai ka kama bakinka, a nan ne fa yawancinmu muke faɗuwa. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano tun shekarun 1970 cewa malami da ƙyar yake jiran daƙiƙa ɗaya kafin ya amsa wa kansa, amma in ya jira uku ko fiye, amsoshi na tsawo kuma har masu kunya na ɗaga hannu. Duk abin da suka faɗa ka rubuta a allo, ko da shirme ne. Wani yaro ya taɓa ce min ai ƙasa ce da ma mai sanyi, wata ta ce roba ce take dafa ruwan. Ban ce wa kowa ya yi kuskure ba, cewa na yi to ya za mu tabbatar?

Sai gwaji. Ƙananan tuluna 2, jarka 1, leda, da ma'aunin zafi, in babu a makaranta yatsa ma ya wadatar. Tulu ɗaya a barshi haka, ɗayan a naɗe shi ruf da leda, a zuba ruwa iri ɗaya daidai wa daida, a ajiye su a inuwa ɗaya tun safe, a dawo bayan hutun tara. Ledar nan ita ce gishirin darasin, don in da ƙasar ce kawai mai sanyi ai da tulunan biyu sun zo ɗaya, sai ga shi na cikin leda bai yi sanyin ɗan'uwansa ba. Ka sa su shafa bayan tulun da ba a naɗe ba su ji danshi, su jiƙa bayan hannu su hura. Daga nan za ka ji wani ya ce "malam, iska ce ke shan ruwan!"

In ajinka mutum 80 ne irin nawa, raba su goma goma, kowane rukuni da mai awo, mai rubutu, mai bayani, kuma kar ka bar masu baki su kwashe komai, 'yan matan kujerar baya ma a ba su awo. Surutu kam za a yi, gara ka sanar da hedimasta tun wuri kar ya zaci ajin ba malami.

Amma kar ka tashe su haka nan. Minti goman ƙarshe naka ne: ruwa na tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, yana ƙafewa yana tafiya da zafi, shi ne na ciki ke hucewa. Yanzu ka ba su sunan abin da Turanci su kwafa, don jarabawa ba ta san uzuri ba. Kuma ba kowane darasi ake wa haka ba, manhaja ba za ta ƙare ba, sau ɗaya a sati biyu ma ya yi.

Aikin gida kuwa, nakan ba su labarin Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa, wanda ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci kyautar kamfanin agogo na Rolex a 2000. Sai in ce su je su tambayi iyayensu mata: randa ta fi sanyi da hunturu ko da damina, kuma me ya sa?