Yadda zaka karanta zanen injin da ke haɗa erythromycin ba tare da hadda ba

Duk ɗan bayokemistiri da aka taɓa ɗora wa zanen DEBS, wato injin furotin da ke haɗa ƙashin bayan maganin kashe bakteriya erythromycin, a jarabawa ya san yadda ido ke raina fata, ga da'irori a jere masu sunayen sassan injin, KS, AT, ACP, kamar lambar mota. Abin bai kai nan ba wallahi, haddar da muke yi ce take wahalar da mu.

Fara sanin mai kayan tukuna. Bakteriyar ƙasa ce, Saccharopolyspora erythraea, dangin su Streptomyces masu ba ƙasa ƙamshin nan na ruwan farko. A ƙasar da aka ɗebo daga Filifin aka same ta, maganin ya fito a 1952.

Sai ka ɗauki injin kamar leburori masu miƙa bulo hannu da hannu a wajen gini. Manyan furotin 3 ne, kowanne da tasha 2, tasha 6 kenan, ga mai lodi a farko ga TE mai yanke sarƙa a ƙarshe. Ka sa biro ka ja layi bayan kowane ACP, yanzu ka raba tashoshin. A kowace tasha AT ne yake zaɓo bulo, anan methylmalonyl-CoA, ACP ya riƙe shi da dogon hannunsa, KS kuma ya ɗaura shi a sarƙar da ta taho daga baya. Kowane ɗauri sarƙa ta ƙaru da kabon 2, to mai lodi ya fara da propionyl mai kabon 3, lissafa da kanka, 15 zaka samu a tsawon sarƙar.

Inda maki yake shine sauran haruffan, kuma anan yawanci ake zubewa. Kowane ɗauri yana barin keton (C=O) a sarƙar, KR, DH da ER ne masu gyara shi, in tashar babu mai gyara, keton ɗin zai zauna yadda yake. In akwai KR ya koma OH, in aka ƙara DH ruwa ya fita a bar ɗauri biyu tsakanin kabon, in ER ma yana nan to an share wajen tas sai CH2. Tasha ta 4 ce kaɗai take da duka ukun. Ta 3 kuwa tarko ce, zaka ga KR a zane amma baya rage komai, shi yasa keton ya tsira a wajen, malamai suna son tambayar nan sosai.

A ƙarshe TE ya yanke sarƙar ya naɗe ta zobe mai atam 14, sunansa 6-dEB, kuma ba maganin bane tukuna fa, sai wasu enzayim sun ƙara OH sun manna sukari 2.

In kana son gwaji, loda jinom ɗin wata Streptomyces a antiSMASH, manhajar da ke zaƙulo irin waɗannan injinan a jinom, ka raba tashoshin da kanka. Sai dai ka kula, wasu injinan tasha ɗaya suke ta maimaitawa, a can ƙirgen tasha bazai baka tsawon sarƙa ba.