Kafin Ka Yanka Kuɗin Aikin Jan Waya a Amurka

Samarinmu da suka iya jan wayar intanet da ɗaura kyamarar tsaro sukan ɗauka cewa tunda wutar ba ta kisa, babu ruwan hukuma da su. A Amurka ba haka ba ne. Ni dai ba na faɗa wa kowa farashi sai na san takardun da aikin zai ci, domin su ne ke cinye riba.

Fara da jihar da aikin yake, don babu lasisi guda da ya game ƙasar. A Kalifoniya sai kana da lasisin C-7 daga CSLB, hukumar ba 'yan kwangila lasisi ta jihar. Ya shafi aikin da bai wuce bolt 91 ba, ana neman shekara huɗu ta ƙwarewa, da jarrabawa, da takardar lamuni ta dala 25,000. Kuma bai ba ka damar taɓa ƙararrawar gobara ba, wannan sai mai C-10, wato lasisin aikin lantarki. A Tekzas kuwa jan wayar intanet zalla ba ya neman lasisin lantarki na jiha, amma da ka ce za ka ɗaura ƙararrawar ɓarayi, ka shiga hurumin DPS, hukumar tsaron jama'a ta jihar. Takardar shaidar BICSI, ƙungiyar masu sana'ar jan wayar sadarwa, tana da kyau, tana ɗaga darajarka, sai dai ba lasisi ba ce.

Lasisi daban, izinin aiki daban. Izinin na ofishin gine-gine na birni ne, kuma kowane aiki da nasa. Buga musu waya ka tambaya tun kafin ka sayi ko kwali ɗaya na waya. Sufeto idan ya zo, da NEC, kundin ƙa'idojin aikin lantarki na ƙasar, yake aunawa, wanda ake sabuntawa duk shekara uku. Zai ɗaga allon silin ya haska tocila ya karanta rubutun da ke jikin wayar. In iskar ginin ta nan take zagayawa kuma bai ga CMP ba, wato alamar wayar da aka yarda a ja a irin wannan wuri, za ka kwashe duka ka sake ja da kuɗinka. Zai kuma duba ko ka toshe ramin da ka huda a bangon tare gobara da jan ƙullun nan mai hana wuta wucewa.

Inshora ce ke tsayar da yawancin sababbi a bakin ƙofa. Manajan gini ba zai bar ka ka shigo da tsani ba sai ya ga takardar shaida, galibi fom ɗin ACORD 25. Abin da aka saba nema shi ne dala miliyan 1 kan kowane haɗari, miliyan 2 a jimla, tare da sa sunan mai ginin cikin waɗanda inshorar ta rufe. Roƙi samfurin takardarsu ka tura wa dillalinka tun da wuri, domin manyan benaye kan nemi ƙari, kuma ƙarin ba kyauta ba ne. Da ka ɗauki yaro ko ɗaya, inshorar diyyar ma'aikata ta hau kanka a mafi yawan jihohi. Tekzas ce ta bar wa masu zaman kansu zaɓi, amma babban ɗan kwangila zai nema duk da haka.

Sai ƙungiyar ƙwadago. Tambayi manajan kai tsaye: ginin nan na 'yan ƙungiya ne? A Niyok reshe na 3 na IBEW, ƙungiyar ma'aikatan lantarki, yana da ƙarfi, a Shikago reshe na 134. Inda aka ƙulla yarjejeniya da su, ko dai ka ɗauki mutanensu a kan albashinsu, ko ka bar wa kamfanin da ke tare da su. Kada ka yi taurin kai, sukan girke ƙaton ɓeran roba a ƙofar gini don kunyata mai aikin.

In kuma ginin gwamnatin tarayya ne da kwangilar ta haura dala 2,000, dokar Davis-Bacon ta 1931 ta wajabta biyan albashin da aka ƙayyade wa yankin, ko kana ƙungiya ko ba ka ciki, kuma duk mako sai ka miƙa lissafin abin da ka biya kowane ma'aikaci. Sa ladan mai riƙe maka wannan lissafi cikin farashin.