Yadda Za Ka Bar Soshiyal Midiya Idan Ita Ce Sana'arka

Ƙarfe uku na dare ka farka, hannunka ya riga ya kai ga waya tun idonka bai gama buɗewa ba. Bidiyon da ka ɗora da yamma bai tashi ba. Ka wuce yabo ɗari biyu ba ka ji komai ba, sai ka tsaya cak a kan mutum ɗaya da ya ce muryarka ta gundure shi, kuma da maganarsa za ka kwana. In abin ya kai haka, da kai nake.

Masu shawara sukan ce a goge manhajar kawai a huta. Wannan ta dace da wanda yake shiga don kallo. Kai kuwa can ake biyanka, can aka san sunanka, akwai ma waɗanda suke ci a ƙarƙashinka. Ajiye aiki za ka yi, shi ya sa sai an bi shi daki-daki.

Fara da gano abin da yake cin ka. Ɗauki mako guda, ka riƙa rubutawa a takarda, ba a waya ba: ƙarfe nawa ka shiga, me ka gani, yaya zuciyarka take da ka fito. Wayoyin iPhone da Android duk suna da wurin da ke nuna awoyin da ka ɓata a kowace manhaja, ka duba shi ko da ba ka son abin da za ka gani. Wani zagi ne yake karya shi. Wani gasa ce, kullum yana auna kansa da wanda ya fi shi mabiya. Wani kuma tilascin ɗora sabon abu ne kowace rana, don tsoron kada manhajar ta daina nuna shi ga mutane. Wannan na ƙarshe ya yi kama da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019, wato gajiyar aiki mai ƙone mutum, wadda alamominta uku ne: ƙarewar ƙarfi, tsanar aikin da a da kake so, da jin cewa ba ka tsinana komai. Amsar da ka samu ita za ta nuna maka ko ragewa kake buƙata, ko hutu, ko fita gaba ɗaya. Ragewar ma ba ƙaramin abu ba ce. A 2018, a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, an taƙaita wa ɗalibai shiga Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana har mako uku, aka ga kaɗaici da damuwa sun ragu musu. Amma su ba sana'arsu ba ce. In kana cin abinci da shafinka, minti 30 ba ya isar ka ko amsa saƙonni.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan na fi son ka daɗe. A 2015 wata matashiya 'yar Ostareliya, Essena O'Neill, mai mabiya sama da rabin miliyan a Instagram, ta goge hotuna kusan 2,000, ta sake wa sauran bayani tana faɗin nawa aka biya ta da sau nawa aka maimaita ɗauka kafin a sami hoto ɗaya. Duniya ta tafa mata. Ba a jima ba ta fito tana neman taimakon kuɗin haya. Ba aibata ta nake ba, shekarunta ba su kai ashirin ba a lokacin, kuma gaskiya ta faɗa. Abin da nake tsoro shi ne ka guje wa damuwar laik ka faɗa damuwar bashi, ka saki reshe ka kama ganye.

Don haka fito da duk yarjejeniyar talla da ka sa wa hannu, ka karanta ta layi-layi. Tallace-tallace nawa suka rage a kanka? An gindaya cewa sai abin da ka ɗora ya yi wata kaza a shafin kafin a cire? Ka karɓi kuɗin aikin da ba ka yi ba? Ka kammala, ko ka mayar, ko ka nemi a warware cikin mutunci kuma a rubuce. Daga yau kada ka karɓi sabon aiki, komai daɗin tayin. Ka sanar da mai ɗaukar maka bidiyo da mai gyarawa da wuri, su ma suna da iyali. Ka lissafa abin da kake kashewa a wata, ka ga wata nawa ajiyarka za ta riƙe ka. In kana da tasha a YouTube, ka sani suna iya janye damar samun kuɗi daga tashar da ta yi wata 6 ba motsi, don haka kada ka gina lissafinka a kan tsofaffin bidiyoyi. Sannan ka tuna ba hannu rabbana za ka fita ba. Ka iya ɗaukar hoto, ka iya gyaran bidiyo, ka iya rubuta talla, ka san abin da ke tsayar da idon mutum cikin daƙiƙa uku. Ana biyan wannan a bayan fage, ba sai an ga fuskarka ba.

Bayan nan ka kwashe kayanka. Facebook da Instagram da TikTok duk suna ba da damar sauke hotunanka da bayananka, na YouTube kuma ta Google Takeout, wato shafin Google na sauke bayananka. Ka cire duk wanda ka taɓa ba ikon shiga shafin, ka sauya kalmar sirri.

Rufewa ko gogewa? Facebook da Instagram da TikTok da X sukan ba da kwana 30 kafin asusu ya tafi har abada. Ni dai shawarata kada ka goge yanzu. Sunan da ya shahara in ya ɓace, 'yan damfara sukan buɗe makamancinsa su cuci mabiyanka da fuskarka. Gara ka bar shafin da sanarwa a samansa, ka rufe wurin sharhi, ka ba wani amintacce kalmar sirrin, da sharaɗin kada ya ba ka ita sai ranar da kuka yanke.

Sanarwar ta zama gajera. Ɗan wasan fim na Ingila Tom Holland, a watan Agustan 2022, ɗan gajeren bidiyo ya yi ya ce karanta abin da ake faɗa a kansa yana illata masa ƙwaƙwalwa, don haka ya ja baya. Ya isa. Ba wanda yake bin ka bashin bayani. Ka ɗora, ka fita, kada ka tsaya ƙirga masu kuka da masu cewa neman suna ne.

Makonnin farko su ne masu wuya, kuma ba a cika faɗin haka ba. Sabo turken wawa. Babban yatsanka zai riƙa zuwa daidai gurbin da manhajar take a da, ya tarar babu komai. Za ka ga rana tana faɗuwa da kyau, ka ji kanka yana tsara yadda za ka ɗauka da abin da za ka rubuta a ƙasa. Ba rauninka ba ne. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce masanin halayya B. F. Skinner ya nuna da tattabaru cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi kowane lada ɗaure mai nema, kuma haka laik yake zuwa. Abin da ya fi ciwo shi ne shirun. Waɗanda suke kiranka kullum za su ragu, wasu da ka ɗauka aminai ne ashe abokan aiki ne. Ka yi baƙin cikinka, hakkinka ne, shekaru ka zuba a wurin.

Kada ka bar awoyin da suka dawo maka a buɗe. Ka sa musu abu tun kafin ranar ta zo: tafiyar ƙafa da safe, koyon aikin hannu, ziyarar mutum biyu ko uku da suka san ka tun ba ka da mabiyi ko ɗaya. Wayar ta kwana a wani ɗaki. Ka roƙi na kusa da kai kada su riƙa turo maka abin da ake faɗa a kanka.

In ƙuncin ya wuce mako biyu, barci ya ƙi, abinci ya fita ranka, ba abin da ke faranta maka, to ka ga likita ko masanin lafiyar ƙwaƙwalwa. Barin manhaja ba ya warkar da ciwon damuwa shi kaɗai. In kuwa tunanin cutar da kanka ya zo maka, ka faɗa wa wani a ranar, ka nemi asibiti a ranar.

Ka sa rana, bayan wata uku misali, ka zauna da takardar nan ta makon farko ka karanta ta. In za ka koma, ka rubuta sharuɗɗanka kafin ka karɓi kalmar sirrin: kwana nawa a mako, wa zai riƙa karanta sharhi a madadinka, wane ɓangare na rayuwarka ba zai ƙara shiga kyamara ba. In ba za ka koma ba, ka kira mai riƙe maka ita, ku ƙara wata uku.