Yadda Za Ka Zaga Santambul a Yini Ɗaya Idan Jirgin Ruwanka Ya Yada Zango

Jiragen ruwan yawon buɗe ido da ke zaga Bahar Rum sukan tsaya a Santambul na awa takwas zuwa goma, wasu kuma su kwana ɗaya. Birni ne da mako guda ba ya isar mutum ya gama ganinsa, saboda haka duk dabarar tana wajen lissafin lokaci da sanin abin da za ka haƙura da shi. Sa'ar da aka yi ita ce tashar da yawancin jiragen ke tsayawa, Galataport da ke unguwar Karaköy, tana tsakiyar gari, kuma tsohon birnin da manyan masallatai da fadar sarakuna suke yana tsallaken gada ne kawai.

Fara lissafi daga ƙarshe

Tun daren da za a wayi gari a iso, ɗauki takardar shirin yini da ma'aikatan jirgi ke sa wa a kowane ɗaki, ko ka duba manhajar kamfanin a waya. Lokaci biyu za ka gani: lokacin tashin jirgi, da lokacin da dole kowa ya kasance a ciki. Na biyun shi ne naka, kuma galibi yana zuwa minti 30 kafin na farkon. Daga nan ake cire lokaci ana komowa baya.

A ce jirgi ya iso ƙarfe 8 na safe, zai tashi ƙarfe 6 na yamma, ana rufe ƙofa 5:30. Ka sa wa kanka ƙarfe 4:30 a bakin tashar, domin awa ɗayan nan ita ce ajiyarka idan hanya ta cushe. Wannan na nufin ka bar dandalin Sultanahmet, da ke tsakiyar tsohon birnin, ƙarfe 4 saura kwata. Da safe kuma ba za ka fita ƙarfe 8 daidai ba. Sai hukuma ta gama tantance jirgin, sannan waɗanda suka sayi yawon da kamfanin jirgin ya shirya su riga ka sauka. Zauren fasinjojin Galataport, wanda aka buɗe a 2021, a ƙarƙashin ƙasa yake, ana sauka a bi dogon zaure a wuce wurin bincike kafin a fito titi, kuma hakan kan ci minti 15 zuwa 20. Idan ka haɗa, abin da ke hannunka bai wuce awa bakwai ba, har da salla da cin abinci.

Ka tambayi ma'aikata ko agogon jirgi ya yi daidai da na gari. Tun 2016 Turkiyya ba ta canza agogonta, ita kuwa Girka, inda jirage da yawa ke fitowa, tana ja baya da awa ɗaya a lokacin sanyi. Wayar hannu takan sauya lokaci da kanta, shi ya sa agogon hannu da aka saita da na jirgi ya fi aminci.

Abin da za ka fita da shi bai da yawa: katin shiga jirgi, fasfo ko kwafinsa gwargwadon abin da kamfanin ya ce, katin banki da 'yan kuɗin lira, takalmi mai sauƙin cirewa da ba ya santsi, da ƙaramar leda ta saka shi a masallaci. Mata su riƙe mayafi. Ka sauke taswirar birnin a waya tun kana cikin jirgi, ka kuma ɗauki hoton lambar wakilin kamfanin a tashar, wadda ake bugawa a takardar shirin yini. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ya warware batun biza tun kafin ya biya kuɗin tafiya, ya sa kamfanin ya rubuto masa abin da ake buƙata a kowace ƙasa da za a tsaya, don ana iya hana mutum hawa jirgin tun a tashar farko saboda bizar ƙasa guda.

Duba ranar mako kafin ka zaɓi wurare

Nan ne mutane suka fi yin asara. Fadar Topkapı a rufe take ranar Talata. Babbar kasuwa mai rufi, Kapalıçarşı, ba ta ci ranar Lahadi da ranakun bukukuwan salla. Ranar Juma'a manyan masallatai ba sa karɓar masu kallo sai bayan an sauko daga salla, amma ga wanda zai yi Juma'ar a can wannan riba ce, muddin ya je da wuri ya sami sahu. Idan ranarka ta faɗo Lahadi, kasuwar kayan yaji ta Eminönü, wadda suke kira Mısır Çarşısı, wato Kasuwar Masar, tana buɗe, kuma ta fi kusa da jirgi.

Wuri uku manya sun isa yini ɗaya. Wanda ya jera shida zai ƙare da tsayuwa a layi da hotunan ƙofofi.

Hau tiram, ka bar tasi

Tiram, wato jirgin ƙasan cikin gari, mai lamba T1 shi ne ginshiƙin wannan yini. Yana tasowa daga Kabataş zuwa Bağcılar, kuma tasharsa ta Tophane tana dab da Galataport. Ka tsaya a ɓangaren masu zuwa Bağcılar. Zai tsaya a Karaköy, ya haye gadar Galata zuwa Eminönü, sai Sirkeci, Gülhane, sannan Sultanahmet, tasha ta biyar, cikin kamar kwata ɗaya na awa. Tasha biyu gaba, bayan Çemberlitaş, akwai Beyazıt, bakin babbar kasuwa.

Ana biya da katin Istanbulkart, wanda ake saya a na'urar da ke bakin tasha a zuba masa kuɗi. Kati ɗaya yana iya shigar da mutum fiye da ɗaya, sai dai a riƙa taɓa shi sau ɗaya ga kowane mutum. Ka zuba kuɗin zuwa da dawowa gaba ɗaya tun da safe. Da yamma layin na'urar Sultanahmet kan yi tsawo, kuma lokacin ne ba ka da minti goman da za ka bayar. Katin nan dai yana aiki a jiragen ruwan fito da bas.

Dalilin guje wa tasi a fili yake. Tiram yana da hanyarsa, mota kuwa tana shiga cunkoson gadar Galata da Eminönü, inda tafiyar minti goma kan koma arba'in da yamma. Ga kuma wasu direbobin da ke jira a bakin tasha waɗanda ke ƙin kunna mita su yanka kuɗi yadda suka ga dama. Idan akwai tsoho ko mara lafiya a tare da ku kuma dole sai mota, kada motar ta motsa sai ka ga mita na aiki.

A cikin tiram jama'a kan cika maƙil, saboda haka jaka ta dawo gaba, waya ta bar aljihun baya.

Tsarin yinin

Ƙa'idar ita ce a fara da mafi nisa da mafi cin lokaci, sannan a riƙa gangarowa wajen jirgi yayin da rana ke yin ƙasa.

Fara da Topkapı, wadda ake buɗewa ƙarfe 9. Daga tashar Sultanahmet ka zagaya bayan masallacin Ayasofya, babbar ƙofar fadar tana nan. Nan sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka zauna kusan shekara 400. Fadar farfajiya huɗu ce a jere, kuma kuskuren da aka saba yi shi ne ɓata awa guda a ɗakunan girki da tangaran na farfajiya ta biyu. Ka wuce kai tsaye zuwa ta uku, inda ɗakin Amanoni Masu Tsarki yake. A can aka ajiye kayan da ake danganta wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, irin su alkyabbarsa da takubba, da takubban sahabbai da tsofaffin makullan Ka'aba. Da yawansu an kawo su ne bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517. Ana karatun Alƙur'ani a wurin ba yankewa. Ɗakunan ƙanana ne, kuma daga ƙarfe 11 layinsu kan miƙe har tsakar farfajiya, don haka wanda ya iso da farko shi ke samun natsuwar tsayawa ya duba. Bayan nan ka leƙa baitulmali, ka ƙarasa farfajiya ta huɗu inda ake hango mashigin Bosforus da ɓangaren Asiya. Awa biyu ta isa. Sashen iyalin sarki yana da kyau ƙwarai, amma zai ƙara maka kusan awa ɗaya, sai ka auna.

Daga nan sai Ayasofya. Sarkin Rumawa Justiniyan ya kammala ta a matsayin coci a shekarar 537, ta zama masallaci a 1453 da Sarki Muhammadu Alfatih ya ci birnin, aka mayar da ita gidan tarihi a shekarun 1930, sannan aka dawo da salla a cikinta a Yulin 2020. Tun Janairun 2024 baƙi masu kallo suna biyan Yuro 25 su hau benen sama ta ƙofa daban, masu salla kuma suna da tasu ƙofar zuwa ƙasa. Idan ka daidaita zuwanka da azahar, ka yi alwala a famfunan waje ka shiga a matsayin mai ibada. Ka duba lokacin salla na ranar, domin a tsakiyar bazara azahar a Santambul takan wuce ƙarfe 1.

Masallacin Sultanahmet mai hasumiya shida yana fuskantar Ayasofya, tsakaninsu lambu ne na tafiyar minti biyar. An fara gina shi a 1609, shiga kyauta ne, kuma rabin awa ta ishe ka ganin shuɗin tangaran da ya lulluɓe bangonsa. Idan layin binciken ƙofa ya wuce na minti 20, ka tsaya a farfajiya ka wuce.

Abinci kada ya zaunar da kai. A kan titin Divanyolu, inda tiram ke bi, akwai masu gasa ƙwallon nama da suke kira köfte, ana kawowa nan take. Gidan abincin da yaro ke tsaye a ƙofa yana jan hannun baƙi, ko wanda takardar abincinsa ba ta da farashi, a wuce shi.

Ragowar lokacin, zaɓi ɗaya za ka yi. Ko ka gangara tafkin ƙarƙashin ƙasa na Yerebatan mai ginshiƙai 336, wanda ke gefen Ayasofya kuma minti 40 ya isa, ko ka hau tiram zuwa babbar kasuwa. Kasuwar tana da shaguna wajen 4,000 da lunguna fiye da 60, kuma ɓata a cikinta abu ne mai sauƙi, don haka ka riƙe suna da lambar ƙofar da ka shiga. Ciniki a nan sai da tayi, kamar yadda aka saba a Kantin Kwari, amma kada ka zauna shan shayin mai dardumai idan ba saye za ka yi ba, don zaman kan cinye rabin awa. Wanda ƙafarsa ke da ƙarfi zai iya fita ta arewa ya hau tudu zuwa masallacin Sulaimaniyya, aikin magini Sinan da aka gama a 1557. A ganina ya fi Sultanahmet natsuwa, kuma daga farfajiyarsa ana hango gefen da jirginka yake. Daga can gangara ce zuwa Eminönü.

Akwai masu burin ziyartar ƙabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari a unguwar Eyüpsultan. Ana zuwa da tiram T5 daga Eminönü, amma zuwa da dawowa da ziyarar za su ci kusan awa biyu. Wanda wannan ne babban burinsa ya sa shi da sassafe, ya cire Topkapı ko kasuwa daga lissafi. Kada a bar shi zuwa la'asar. Haka nan dogon yawon Bosforus na jirgin fito, wanda ke cin kusan awa shida, ba na mai yini ɗaya ba ne, kuma tsallakawa ɓangaren Asiya bayan ƙarfe 2 ganganci ne.

Komawa jirgi

Ka sa ƙararrawar waya biyu, ɗaya ta gargaɗi, ɗaya ta tashi ko me kake yi. A tashar tiram ka tabbatar an rubuta Kabataş a goshin jirgin, ka sauka a Tophane. Idan ya zo a cike har biyu sun wuce ka, ko aka sami matsala a layin, kada ka tsaya jira. Daga Sultanahmet zuwa Galataport a ƙasa kimanin kilomita uku ne, minti 40, kana bin layin dogon har ka haye gadar Galata ka karkata dama. Daga Eminönü kuwa minti 20 ne. A kan gadar, idan mai goge takalmi ya yar da burushinsa a gabanka, ka wuce abinka. Tsohuwar dabara ce: ka ɗauko masa, ya goge maka takalmi da sunan godiya, sannan ya nemi kuɗi mai yawa.

Galataport doguwa ce, bakin ruwanta ya kai kilomita 1.2, cike da shaguna da wuraren cin abinci. Ganin jirgi a gabanka bai sa ka shiga ba, sai ka nemo ƙofar zauren fasinjoji ka sake bi ta bincike. Shi ya sa yake da kyau ka ɗauki hoton ƙofar da ka fito da safe.

Jirgi yana jiran motocin yawon da kamfaninsa ya shirya idan suka makara, amma ba ya jiran wanda ya fita da kansa. Da zarar ka ga za ka makara, kira lambar wakilin tashar tun kana hanya, ka faɗi sunanka da lambar ɗakinka da inda kake. Idan jirgin ya riga ya tashi, wakilin ne za ka nema, domin a hannunsa ake barin fasfon fasinjan da aka bari idan yana cikin jirgi, kuma shi zai nuna maka yadda za ka cim ma jirgin a tasha ta gaba. Kuɗin jirgin sama da masauki daga aljihunka za su fito, kuma idan tasha ta gaba a Girka take, sai kana da bizar Shengen ta ƙasashen Turai mai ba ka damar sake shiga kafin a bar ka ka hau jirgin saman.